Daga Ƙonni zuwa Illelar Adar: bin sawun tsohuwar wuƙar damtse

Birnin Ƙonni gari ne na ciniki, wannan kowa ya sani. Yana bisa babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, kimanin kilomita 420 daga babban birnin ƙasa, kuma tsakaninsa da iyakar Najeriya ɗan taƙi ne. Ranar Laraba, ranar da kasuwa ke ci, baƙo zai ga ƴan canji da damin naira da na sefa, ya ga buhunan albasa da na wake, ya ga atamfa da kayan roba da suka ƙetaro daga Sakkwato. Idan ya ratsa wannan duka ya bi amon masaba, zai iske maƙera sun baza hajarsu bisa tabarma: hauya, lauje, gatari, askar wanzami, wuƙar mahauta. Wuƙa kam ga ta nan birjik. Amma akwai wata iri wadda ba a baza ta bisa tabarma, kuma ko an tambaya ba nan take ake fito da ita ba. Ita ce tsohuwar wuƙar faɗa ta mutanen da, wadda ake ɗaurawa ga hannu, wadda aka ƙera don mutum guda, daidai da hannunsa.

Iri biyu aka fi sani a wannan yanki. Ta farko ita ce wuƙar damtse, gajera, mai baki biyu, wadda ake sanya zoben kubenta sama da gwiwar hannun hagu, hannun riga ya rufe ta. Ta biyu ita ce ta Abzinawa, wadda suke kira telak. Ita ta fi tsawo, tana kwance bisa sangalin hannu, ƙotarta tana wajen wuyan hannu, tsininta yana duban gwiwa, kuma sau da yawa kan ƙotar yana da rassa kamar gicciye. Duka biyun hikimarsu guda ce. Mahayin doki ko na raƙumi yana da mashi, yana da takobi a rataye da hamila, yana da garkuwa. Amma idan mashi ya tafi, takobi ya kuɓuce, aka kai ga riƙe-in-riƙe, to abin da ya rage masa shi ne wanda ke manne da jikinsa, wanda hannun dama zai zaro cikin ƙiftawar ido. Ba makamin fara faɗa ba ne, na ƙarshensa ne.

Dalili ke nan da ya sa ba a sayen irinta kamar yadda ake sayen allura. Zoben kube idan ya yi wa hannu yawa zai zame a lokacin sukuwa, idan ya matse zai hana jini gudu. Ƙota idan ta fi tafin hannu za ta juya, idan ta kasa za ta suɓuce da gumi. Saboda haka mai so yakan je ga maƙeri da kansa a dubi hannunsa, sa'an nan a kai ga baduku ya ɗinka kube da zobe bisa awonsa. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, in ji Hausawa: cikin wuƙa guda akwai aikin mai gawayi da ya ƙona ƙirya, da na maƙerin baƙi da ya buga ruwan wuƙar bisa uwar maƙera, da na maƙerin fari da ya yi mata ado da tagulla, da na majemi da ya jeme fata da bagaruwa, da na badukun da ya rina ta ja da karan dafi. Wanda ya riƙa tsohuwar wuƙa ya gwada zura hannunsa cikin zobenta, nan da nan zai san ko mai ita ƙato ne ko siriri ne. Awon mutum ne ya rage a jikin fata bayan shi ya daɗe da komawa ga Mahaliccinsa.

Ƙonni kuwa ba baƙuwar yaƙi ba ce. A shekarar 1804, tun farkon jihadi, kafin gwabzawar Tafkin Kwatto, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun kai yaƙi Matankari da Ƙonni, kuma daga baya garin ya zama cikin masu bin Sakkwato. Amma ranar da ta fi zama cikin zukatan mutane ita ce ta watan Mayu na 1899, lokacin da rundunar Faransawa ta kyaftin Vule da kyaftin Shanuwan ta iso, bayan ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu cikin watan Afrilu. Gari mai ganuwa, mutanensa da baka da kibiya da mashi da takobi, ga abokan gaba da bindigogin zamani har da igwa. An hallaka mutane masu ɗimbin yawa, an ƙone gari, an kwashi mata da yara. Wani abin lura ga ma'aikacin da ke buga hatimi a bakin iyaka yau: bisa yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898, wadda ta zana da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato, Ƙonni tana cikin rabon Ingila ne a wannan rana. Sai da aka sake zama a 1904, aka auna iyaka tsakanin 1906 da 1908, sa'an nan ta tabbata a ɓangaren Faransa. Su kuwa kyaftin ɗin biyu ba su kai ƙarshen watan Yuli na 1899 ba, sojojinsu ne suka harbe su a wajen Maijirgi, can gabas. To, duk gidan da ke da wuƙa ko takobi da aka ce ya ga wannan rana, ba ƙarfe kawai yake ajiye ba, shaida ce. Abin baƙin ciki shi ne shaidar ba ta magana da kanta. Sai da bakin tsoho, kuma tsofaffi tafiya suke yi.

Daga Ƙonni hanya ta yi gabas. Bayan tafiya kaɗan sai Tsarnawa, mararrabar da hanyar Tawa ta balle ta yi arewa. Wanda ya miƙe bai karkata ba, kafin awa guda ga shi a Malbaza, garin siminti. Masana'antar tana nan tun tsakiyar shekarun 1960, kuma garin ya zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire shi daga Ƙonni. Gaba kaɗan ga Dogarawa da Galmi, inda albasar da sunanta ya kai har gaɓar teku take fitowa. Me ya haɗa siminti da albasa da maganar wuƙa? Manyan motoci ne suka haɗa su. Inda duk ake lodi mai nauyi, nan sifirin mota ke karyewa, kuma karyayyen sifiri shi ne taman maƙerin zamani. Ƙarfe ne mai kyau, mai riƙe kaifi, ba a raina shi ba. Mahauci da mai tsire da shi suke aiki, kuma wuƙar da aka buga da shi tana iya fin ta da ƙarko. Sai dai duk wuƙar da aka yi da ƙarfen mota, shekarunta ba za su wuce na zuwan mota ƙasar ba, ko da wane irin rantsuwa mai sayarwa ya yi.

Kafin mota, ƙarfen makami ta hanya biyu yake zuwa. Ta farko ta hamada ce. Bature ɗan ƙasar Jamus, Hainirik Bart, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, kuma ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kimanin 50.000 ne ke shiga kasuwar Kano kowace shekara, kowane ɗaya a kan wuri 1000, galibinsu ƙirar Zolingen ta ƙasarsu. A Kano ake sa musu ƙota da kube, daga nan su bazu zuwa ga Abzinawa da Hausawa da Fulani da Barebari. Takobi idan ya karye ba a yar da shi. Guntun da ya rage akan kai wa maƙeri ya fiƙe shi ya mai da shi wuƙar hannu, shi ya sa wani lokaci ake ganin wuƙa gajera amma da kwarmin takobi a tsakiyarta, kwarmin ya tafi har tsini bai ƙare inda ya kamata ba. Masana suna murna da irin wannan, don rayuwa biyu ce cikin ƙarfe guda. Akwai kuma tambarin da ake gani bisa waɗansu, na jinjirin wata biyu masu fuskar mutum, wanda asalinsa na maƙeran Turai ne. Amma fa a yi hattara: maƙeran nan gida sun ga ana son tambarin, sun daɗe suna buga nasu. Tambari shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Hanya ta biyu, don a gan ta sai an koma Tsarnawa an kama hanyar Tawa. Ana barin kwari sai ƙasa ta fara hawa, duwatsu baƙaƙe da jajaye su baibaye hanya, gonaki su maƙale a gindin tuddai. An shiga Adar ke nan. Waɗannan duwatsu da manomi ke kuka da su, cikinsu maƙeran da suke tsintar tama. Sukan gina murhu na laka, su cika shi da tama da gawayi, su kwana suna gadin wuta har ƙarfe ya taru. Aiki ne mai tsarin kansa da haninsa, kuma ba kowane maƙeri ne ya gaje shi ba. Wata Bafaranshiya mai binciken al'adu, Nikol Eshar, ta zauna da maƙeran Adar cikin shekarun 1960, ta rubuta a kansu a 1965, sa'an nan ta ɗauki aikin narkar da tama a fim wanda ma'anar sunansa ita ce auren wuta, don kuwa da aure da haihuwa ake kwatanta abin da ke faruwa cikin murhun. Tarkacen ƙarfen Turawa, mai arha, wanda ba ya bukatar a kwana ana ƙona gawayi, shi ya kashe wannan sana'a. Wuƙar da aka buga da ƙarfen tama tana da kamanninta: jikinta ba sumul yake ba, ana ganin ƴan layuka da tabo-tabo inda aka ninka ƙarfe aka sake bugu. Wanda bai sani ba sai ya ce aibu ne. Ba aibu ba ne, dutsen ƙasar ne yake gani, kuma ba za a sake yin irinta ba.

Daga Badagishiri, garin babbar kasuwar dabbobi, ake karkata yamma zuwa Illela. A nan ya kamata a raba wa baƙo gardama, don Illela biyu ce: akwai ta bakin iyaka, cikin jihar Sakkwato, wadda ƴan kasuwar Ƙonni ke shiga kamar ɗakinsu, akwai kuma wannan ta Adar, mazaunin Sarkin Adar. Gidan sarautar daga Agabba ya samo tushe, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, wanda ya ci ƙasar Adar wajen 1674 ya raba ta da Kabi, ya hau gadon Agadas, sa'an nan da aka tuɓe shi a 1721 ya dawo Adar ya zauna. Mai son cikakken labari ya nemi littafin Malam Jibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa, wanda ya fito a 1975. Abin da ya shafi maganar wuƙa shi ne, ƙasa ce da Bahaushe da Ba'abzine suka daɗe suna cuɗanya, da Lisawa da Kel Geres da manoman tuddai, wani lokaci da aure da ciniki, wani lokaci da hari. Hannun maƙera ma ya cuɗanya. Akan ga ƙota irin ta Abzinawa da kube ɗinkin dukawan Hausa, ko ruwan takobin Jamus cikin fatar akuyar Adar. Rana ta hawan salla, idan dawaki suka fito, nan mai ido yake ganin abin da gidaje suka ɓoye shekara guda.

To ina sauran suka tafi? Yunwa ta ci da yawa. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985 wanda jama'a suka laƙaba wa El-Buhari don ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, sun sa mutane sun fito da abin da ba su taɓa tsammanin sayarwa ba. Wanda garkensa ya ƙare, ga iyali, ba za a zarge shi ba don ya musanya wuƙar ubansa da tiyar hatsi. Dillalan kayan da suka bi ƙauyuka suka tattara, suka kai Yamai da Agadas inda masu yawon buɗe ido ke saye, kuma bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, abin da Bature zai biya da kuɗin ƙasarsu ya ragu da rabi. Yau a shagunan kayan tarihi na Turai da kasuwannin intanet ana ganin irin waɗannan wuƙaƙe da ƴar takarda a maƙale, an rubuta Sahara, ko Afirka ta Yamma, ƙarni na 19. Ba sunan gari, ba na maƙeri, balle na mai ita. Wuƙar da aka auna da hannun mutum guda ta zama ta kowa da kowa.

Da kasuwa ta buɗe, jabu ma ta shigo. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, masu dabara suka shiga ƙera sabuwa suna tsofar da ita: a binne ta cikin ƙasa mai damshi, a shafa mata ruwan batir, a rataye kuben bisa murhu ya sha hayaƙi. Mai saye ya dubi abubuwa kaɗan. Tsatsar gaske baƙa ce, ta zauna cikin ƙarfe, ta jabu ja ce, tana bin yatsa. Ƙotar da hannu ya riƙa shekara da shekaru takan lashe ta gefe guda, inda babban yatsa ke zama, ba ko'ina daidai ba. Zoben kube yakan yi baƙi da santsi ta ciki saboda gumi. Ɗinkin keke, ko sawun injin wasa wuƙa, ko ado da roba mai launi, ko gorar ruwa a madadin tagulla, duk suna faɗin shekarunsu da kansu. Sa'an nan akwai ma'aunin da ya fi waɗannan duka. Dillali zai ce: "Alhaji, wagga ta zamanin yaƙi ce, ka kawo jikka kaza." A tambaye shi daga wane gari, daga wane gida. Idan ya fara kame-kame, to labarin ya riga ya faɗi a hanya, ko dai babu shi tun asali. Shi kuwa dattijon da ta gaske ke hannunsa, sau da yawa amsarsa gajera ce: "Ɗana, wagga ba ta saidawa ba ta." Sa'an nan, in an yi haƙuri an sha ruwa, ya faɗi wanda ya ɗaura ta da inda ya je da ita.

Wanda ke shakkar cewa suna ya fi ƙarfe daraja, ya dubi abin da ya faru a Dakar a watan Nuwamba na 2019, inda firaministan Faransa ya miƙa wa shugaban Senegal takobin da ake danganta wa Alhaji Umaru Tal, malamin nan da ya zauna Sakkwato shekaru a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ruwan takobin ƙirar Faransa ne, akwai irinsa da yawa. Sunan da ke manne da shi ne ya sa hukumomin ƙasa biyu suka yi zama, har majalisar Faransa ta yi doka a kansa a 2020.

A nan gida ma akwai doka. Doka mai lamba 97-022 ta 30 ga watan Yuni na 1997 ta tanadi kare kayan tarihin ƙasa, kuma fitar da su waje ba da izini ba laifi ne. Ɗan kasuwar da aka ba saƙon tsohon takobi ya kai Kwatano ko Lome, da ma'aikacin duwan da zai buɗe jakar, ya kamata su san da wannan. Akwai kuma gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka kafa tun 1959. Amma gaskiyar magana, doka da gidan tarihi ba su ne za su ceci mafi yawan waɗannan kaya ba. Ƴan kasuwa da ma'aikata su ne masu ɗan abin hannu, su ne ake kawo wa tayi idan biki ko rashin lafiya ya taso, su ne kuma ake yi wa kyautar takobi ranar da aka canza musu wurin aiki. Ta hannunsu abin ke bi, ko ya tsaya ko ya wuce. Gara tsohuwar wuƙa ta tsaya cikin adakar wani Alhaji a Ƙonni ko wani malamin makaranta a Malbaza, inda jikokin mai ita za su iya zuwa su gani, da ta ƙetare teku. Ajiya fa ake nufi, ba ɗaurawa ba. Zamanin shiga kasuwa da wuƙa a damtse ya wuce, kuma yankin iyaka ya ga isasshen jini ba sai an ƙara ba.

Ita ma ajiyar tana da ƙa'ida, don ƙauna marar sani ta lalata wuƙaƙe fiye da tsatsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai ta ga mai injin wasa ya goge ta har ta yi ƙyalli kamar sabon kwano: cikin minti biyar tambari ya tafi, sawun masaba ya tafi, shekara ɗari ta bi iska. Da tsohuwar zuma ake magani, ba a tace ta sai ta koma ruwa. Tsumma mai laushi da ɗigon man keken ɗinki sun isa ga ƙarfe. Fata kuwa a shafa mata man kaɗe kaɗan, ba mai yawa ba, kada ta yi laushi ɗinki ya saki. Da damina a zare wuƙar daga kube a ajiye su dabam, don fata tana jan damshi ta shayar da ƙarfe. A nisanta adaka da ƙasa saboda gara. Kuben da ya yage kada a jefar a ɗinka sabo. In ana son sabo a ɗinka, amma tsohon ya zauna kusa da wuƙarsa, don zoben nan shi ne awon hannun mai ita.

Sai abu na ƙarshe, wanda bai fi ƙarfin littafin ɗan makaranta da biro ba. A zauna da tsohon gida ko tsohuwar gida tun suna nan, a rubuta, da boko ko da ajami: sunan wanda aka ƙera wa, da sunan ubansa, da garinsu, da maƙerin in an tuna shi, ko aƙalla unguwar maƙeran, da yaƙi ko tafiyar da aka ce ta je, da hannuwan da ta bi kafin ta iso ga mai riƙe da ita yau. A sa sunan wanda ya ba da labari da ranar da ya ba da shi. A ɗauki hotonta da wayar hannu, ciki da wajen kube, a aika wa ƴan uwa da ke Abijan ko Legas. Takardar kuma a naɗe ta cikin leda, a ɗaure ta ga zoben kuben da zare.